Koriyar Wuta a Murhun Inna

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, ni sabon malamin firamare ne a Talata Mafara. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ban yi aure ba, ina zaune gidan mahaifina a shagon da ke jikin zaure. Garin ya cika da baƙi. Manyan motoci suna wucewa safe da yamma ɗauke da siminti da rodi, samari sun bar gona sun koma leburanci, duk wanda ka taɓa sai ya ce maka yana aikin dam. Yayana, wanda nake bi, yana cikinsu. Kafinta ne, shi da abokan aikinsa ke haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki.

A wannan tsakanin ne Goggo ta dawo gidanmu. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure tun kafin a haife ni a wani ƙauye ta wajen Maradun, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Da aka tare kogi, ruwa ya soma cin gonakinsu, sannan ya shigo gari, mutanen ƙauyen suka watse kowa ya nemi nasa. Baba ya je ya ɗauko ta da ƙullin tufafinta da turminta. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da madafi. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙarancin magana, takan yini bakin ƙofarta tana kaɗi. Tsakaninta da Inna, mahaifiyata, babu faɗa, babu kuma wata shaƙuwa. Gaisuwa ce da kwanon tuwo.

Da mutane suka yi yawa a garin, itacen girki ya yi wuya. Sai Yaya ya riƙa ɗauro mana guntayen katakon da aka zubar a wurin aiki, a bayan kekensa. Inna ta ji daɗin haka ƙwarai, don busasshe ne, yana kamawa nan da nan. Wata rana ya kawo wasu guntayen turaku masu nauyi, launinsu da ɗan duhu kamar an jiƙa su da ruwan ganye. Aka jibge su tare da sauran a jikin madafi. Babu wanda ya sake dubansu.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Ina tsakar gida ina wanke ƙafa, Inna tana daka, don haka ta roƙi Goggo ta hura mata wuta. Goggo ta hura, ta ɗora tukunya, ta koma kan mazarinta. Can Inna ta ajiye taɓarya ta shiga madafi da ƙwaryar gari. Sai na ji ta rafka salati da wata irin murya da ban taɓa jin ta yi ba.

Na shiga da gudu. Madafinmu ɗaki ne mai duhu, hayaƙin shekaru ya baƙanta bangonsa. A ƙarƙashin tukunyar tuwo wuta tana ci, amma harsunanta kore ne. Kore shar, kamar ɗanyen ganyen dawa, gefensu yana ɗan ba da shuɗi. Hasken ya hau bango, ya hau fuskar Inna, hannuwanta suka koma kamar ba na mai rai ba. Ƙwaryar ta faɗi, gari ya watse a ƙasa. Na san wuta ja, na san rawaya, na san shuɗiyar wutar risho. Wannan ban taɓa gani ba, ban taɓa jin wani ya ce ya gani ba.

Baba ya shigo daga zaure, carbi a hannunsa. Ya dubi murhu, sannan ya soma karanta ayoyin tsari da ƙarfi. Ƙannena suka cushe a bakin ƙofa, ƙaramar ta fasa kuka. Inna ta sure tulu ta juye shi duka a kan murhun. Tururi da toka suka turnuƙe ɗakin.

"Wa ya hura wutag ga?" in ji Baba.

Inna ta juya ta dubi ƙofar Goggo. Goggo tana tsaye, mazari a hannu, bakinta a buɗe, idonta a kan murhun da ya mutu.

Ba a ci tuwo ba ranar, fura aka sha. Da safe Inna ta kwashe jiƙaƙƙiyar tokar da gawayin ta zubar a bayan gida, kusa da turken awaki, ta share madafin tas, ta hura sabuwar wuta da kara. Wuta ta ci kamar kullum. Muka ɗauka abin ya wuce.

Kashegari jar akuyar Inna ta ƙi tashi. Akuya ce da take ji da ita, ga tsohon ciki. Ta kwanta tana zawo, tana cizon haƙora, miyau yana zuba. Aka ɗura mata kanwa, aka ɗura mata jiƙo, ba ta ko ɗaga kai ba. Kafin azahar Baba ya sa aka yanka ta don kada ta mutu mushe, amma da mahauci ya farke cikin ya ga hanjin, ya ce shi dai bai ba da shawarar a ci ba. Aka binne naman.

Daga nan gidanmu ya canza. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa jaje, su zauna ɗakin Inna, su yi ƙasa da murya. Na ji kalmar da farko daga bakin wata yarinya mai tallan ƙuli, ta tsaya ƙofar gida ta ƙi shiga, ta ce an hana ta, wai akwai mayya a ciki. Na ɗauka shirmen yara ne. Da yamma sai na ga Inna ta kira ƙannena ta ja musu kunne kada wanda ya ƙara zama tabarmar Goggo. Kwanon tuwon da ake miƙa mata a hannu, yanzu a ƙasa ake ajiye shi nesa da ƙofa, a tura da ƙafa.

Abin da ya fi girgiza ni, abin da na ji ne da kunnena ina alwala a bayan ɗakin Baba. Inna ce ke magana.

"Malam, tun da taz zo gidan ga ban ƙara samun barci ba. Wuta ta huro, ka gani da idonka. Akuyata ta tahi. Jira kake sai ta kai ga ɗiya?"

"Yayata ce fa kike magana a kanta."

"Na sani. Amma in ba ta bar gidan ga ba, ni zan kwashe ɗiyana in tahi gidanmu."

Inna mace ce da ko kaza ba ta iya kora da tsawa. Ita ke aika wa makauniyar unguwarmu abinci kullum. Ban taɓa zaton irin wannan magana tana cikin bakinta ba. Baba bai tsawata mata ba. Wannan ma ya tsorata ni.

Ni kaina ban san abin da zan kama ba. Na yi karatu, amma ɗan abin da aka koya mana na kimiyya bai wuce sassan fure da yadda ruwa ke zama tururi ba. Kuma na ga wutar nan da idona. Akwai wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ta garin, Kirista ne daga kudancin Zariya, ya girme ni da kaɗan, mukan haɗu a teburin mai shayi. Hausarsa tamkar tamu, sai dai lafazi. Bayan an tashi daga makaranta na hau keke na same shi. Na kwashe labari na faɗa masa, ina sa ran zai yi mini dariya.

Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye ni komai game da Goggo ba. Cewa ya yi, "Malam, wane irin ice kuka sa?"

Na ce guntayen katako ne daga wurin aikin dam.

Ya ɗauki makulli ya ce in biyo shi. Muka shiga ɗakin gwaje-gwaje, ya rufe tagogi, ya kunna wani ɗan murhun gas mai harshe ɗaya, shuɗi, da ƙyar ake ganinsa. Ya lakato gishiri a bakin wata siririyar waya ya kai cikin harshen. Wutar ta koma rawaya fat. Ya goge wayar, ya lakato wani gari mai shuɗi daga kwalba, ya kai. Na ja da baya har na bugi tebur. Ita ce. Koriyar wutar madafinmu ce, a hannun mutum, tana ci a bakin waya.

"Jan ƙarfe ne a cikin wannan garin," in ji shi. "Irin wanda ke cikin wayar lantarki. Duk inda ya shiga wuta mai zafi, haka yake yi."

Na ce, "To don me? Me ya haɗa jan ƙarfe da kore?"

Ya ɗauki alli ya zana tsani a allo. Ya ce kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A jikin kowace ƙwaya akwai waɗansu da suka fi ta ƙanƙanta, ana kiransu ilaktron. Su kuma ba sa zama inda suka ga dama. Matakai gare su kamar na tsani, ko dai suna kan wannan mataki ko suna kan wancan, babu tsayuwa a tsakani. In ba a taɓa su ba, a ƙasa suke zama. In zafin wuta ya buge su, sai su sami ƙarfi su haye mataki na sama.

"Amma ba sa daɗewa a can," in ji shi. "Kafin ƙiftawar ido sun sauko. To ƙarfin da suka karɓa suka hau, dole su mayar da shi in za su sauko. Ba ya ɓacewa. Haske yake zama ya fita. Abin da ka gani ke nan."

Na ce, "Me ya sa na gishiri rawaya, wannan kore?"

Ya nuna tazarar da ke tsakanin matakan. Ya ce kowane sinadari da irin tsaninsa. In tazarar da ilaktron ya sauko babba ce, hasken yakan karkata wajen shuɗi. In ƙarama ce, yakan karkata wajen ja. Ta gishiri ta dace da rawaya, ta jan ƙarfe ta dace da kore. Wani yakan sauko da tsalle ɗaya, wani mataki-mataki, kowane saukowa da haskensa, har akwai wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani. Ya ce da launin wuta kawai ana iya gane abin da ke ƙonewa, ko ba a taɓa shi ba.

Na zauna kan benci ina kallon allon. Wato duk rawayar da nake gani tun ina yaro in miya ta zuba a wuta, wannan hawa da sauka ne ake yi, a cikin abin da ba ya ganuwa, a murhun uwata. Kaina ya ɗaure. Ina cikin wannan sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Tsaya. Katakon nan, launinsa da ɗan kore-kore?"

Na ce e.

"Kun ci abincin da aka dafa da shi?"

Na ce a'a, an zubar.

"Tokar fa?"

Na ce an zuba ta bayan gida, wajen awaki.

Ya dafe kai. Ya ce irin wannan katako ana ɗura masa magani don kada gara ta ci shi. Jan ƙarfe yana cikin maganin, shi ya ba da kore, amma sau da yawa akwai wata muguwar guba tare da shi. In aka ƙona, gubar tana taruwa a cikin toka, tokar kuma tana da ɗan gishiri-gishiri, dabbobi suna son lasarta. Kaɗan ta isa ta kashe saniya, balle akuya.

Da tokar murhu Inna ke wanke kwanukan da muke cin abinci. Ƙaramar ƙanwata takan zauna bayan gida tana wasan girki da ƙasa. Kuma sauran turakun suna nan jibge a jikin madafi, suna jiran ranar da kara zai ƙare.

Tare muka dawo, shi a kan kekensa ni a kan nawa. Na shiga na yi wa Baba bayani a tsaye, ya fito suka gaisa da baƙon, gaisuwa mai tsawo kamar ba abin da ke cin kowa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Yaya ya dawo daga aiki ya tarar da mu. Maƙwabta biyu-uku suka shigo. Inna ta tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, muna jin motsinta.

Malamin ya ce a kawo risho, da gishiri daga hannun Inna, da ɗan tsinke daga jikin turakun. Ya ce kowa ya matsa daga hayaƙin. Ya barbaɗa gishiri, wuta ta yi rawaya. Ya kama tsinken da filaya ya kai, bayan ɗan lokaci kore ya taso a gefensa. Wani maƙwabci ya miƙe zai fita, Baba ya ce ya zauna.

"Ba ni nan," in ji Baba. Ya karɓi filayar ya kai tsinken da hannunsa. Kore ya sake tashi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan ƙofa za su ji. "To ga shi ni ma na huro ta. Ni ma maye ne ke nan?"

Malamin ya maimaita bayanin tsanin a taƙaice, yana zane da yatsa a ƙasa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kowane abu da launin da aka yanka mai, ba ya ƙetarewa. Ikon Allah." Malamin ya ce, "Haka mu ma muke cewa, Baba." Da aka zo maganar guba da toka, Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. A bayan ƙofa muka ji Inna ta fashe da kuka.

Kafin magariba mun haƙa rami mai zurfi a wajen gari mun binne turakun, mun kankare ƙasar bayan gida inda aka zuba toka mun haɗa da ita. Na ɗauka shi ke nan, gida zai koma daidai.

Goggo ba ta fito zaure ba, ko da Baba ya aika a kira ta. Da safe muka tarar ta ɗaure kayanta. Ta ce a kai ta Dakko wurin 'yarta da ke aure can. Baba ya zauna bakin ƙofarta ya roƙe ta, ya yi mata bayani, ya haɗa ta da iyayensu. Ta ce, "Na ji. Allah shi yi maka albarka. Kai ni mota." Inna ta kasa fitowa daga ɗaki. Ni na ɗauki turmin zuwa tasha.

Watanni suka wuce. Inna ta rame, ta rage magana, matan da suka riƙa shigowa jaje suka ɗauke ƙafa. Bayan an yi girbi ta kira ni ta ce in raka ta Dakko. Ta ɗaure goro da sabulu da turmin atamfa. Muka shiga mota zuwa Bakura, daga can muka sami motar 'yan kasuwa ta ƙarasa da mu.

Mun sami Goggo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓe mu da fara'a, ta tambayi Baba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama fura. Da aka natsu, Inna ta durƙusa a gabanta.

"Yaya, na zo neman gafara. Na zalunce ki."

Goggo ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "Tashi. Ba don ke na baro gidan ba."

Muka dube ta.

"Ran da wutar nan ta ci, ni ce na hi kowa tsoro. Ni na hura ta da hannuna. Na ce a raina, mun gudo mun bar iyayenmu da mijina cikin kaburbura, ruwa ya hau kansu, ko addu'ar bankwana ban tsaya na yi musu ba. Na ce wani abu ya biyo ni daga can. Da akuya ta mutu na tabbata. Da kika hana yara zuwa wurina, daɗi na ji, don ni ma tsoro nake kada in cuce su. Kwana nake ina roƙon Allah, in da mugun abu a jikina, shi ɗauke ni kafin shi taɓa ɗiyan ƙanena."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa ƙoƙon furar na ajiye. Duk kwanakin nan muna zaune gida ɗaya da ita, bango ɗaya ya raba mu, ana zarginta, ashe ita ma tana cikin masu zargin. Babu wanda ya leƙa ya tambaye ta abin da ta gani.

Na ce, "Goggo, amma Baba ya yi miki bayani kafin ki taho."

"Ya yi. Na ɗauka lallashi na yake, awa yadda ake yi ma yaro." Ta gyara zama. "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Mi ne ne cikin icen nan?"

Na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke na zana tsani. Na gaya mata na maganin gara da jan ƙarfen da ke cikinsa, da ƙananan abubuwan da zafi ke ɗagawa sama, su sauko su saki haske. Ta tsare ni da tambaya. Su wa ke ganinsu? Ba sa gajiya? In sun sauko sun sake hawa? Na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Ta sa jikanta ya kawo garwashi a kasko, ta barbaɗa gishiri da kanta, ta duƙa tana kallo har ɗan harshen wutar ya yi rawaya. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta ce, "Ashe ba ni ba ce."

Ba ta koma gidanmu da zama ba, ta ce ta saba da jikokinta. Amma ta karɓi atamfar, kuma da sallah ta zo ta yi mana kwanaki, ita da Inna a madafi ɗaya. A Dakko ta rasu bayan wasu shekaru. Inna ce ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka.